Yadda Ake Kula da Numfashin Ɗan Dabba daga Faɗowarsa har Jijiyoyin Huhunsa Su Yi Ƙwari

Duk wanda ya yi kiwo a ƙauyukanmu na bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno zuwa Sinja, ko a unguwannin Hausawa na Gadarif da Kasala, duk a ƙasar Sudan, ya san cewa asarar 'ya'yan dabbobi ta fi yawa a kwanakin farko bayan haihuwa. Ɗan rago zai faɗo da rai, ya yi kuka, har ya kama nono, amma washegari da asuba a tarar da shi a miƙe yana haki, kafin hantsi ya zama mushe. Abin da aka saba faɗa shi ne ya zo da rauni, ko kuma sanyi ne ya kama shi. Maganar sanyi gaskiya ce, sai dai ba ta bayyana dalilin da ya sa sanyin da bai hana ɗan wata biyu tsalle-tsalle ba yake kashe ɗan kwana ɗaya. Amsar tana cikin ƙananan jijiyoyin jini na huhu, waɗanda halinsu yake sauyawa daga ciki zuwa sa'ar haihuwa, daga nan zuwa makonnin farko, kuma kulawar da ta dace da ɗan dabba tana bin wannan sauyi ne mataki bayan mataki.

Manomin Jazira ba zai sha wahalar gane tsarin ba, domin yana ganin irinsa kullum a gona. Ruwa yana tasowa daga madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, ya bi babbar tur'a, wato hanyar ruwan ban-ruwa, ya rarrabu cikin ƙanana har ya shiga Abu Ishirin da Abu Sitta, sannan ya isa hawasha, wato gonar manomi. Haka jinin da ke fitowa daga ɓangaren dama na zuciya yake bin babbar jijiya zuwa huhu, ya yi ta rarrabuwa har ya kai ga 'yan siraran hanyoyi da ke kewaye da buhunan iska, inda yake ɗaukar iskar oksijin. Ibn Nafis, likitan da ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ne ya fara rubuta cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakanin manyan ɗakunan zuciya biyu, dole ne ya zaga ta huhu. Kowace ƙaramar jijiya a huhu tana da zoben tsoka da ke iya matsewa ko sakewa, kamar ƙofar tur'a. A sauran sassan jiki, idan oksijin ya yi ƙaranci jijiyoyi buɗewa suke yi don jini ya ƙaru, amma a huhu matsewa suke yi. Masana biyu na ƙasar Suwidin, von Euler da Liljestrand, sun nuna haka a 1946. Ga babbar dabba mai lafiya wannan dabara ce mai amfani, kamar yadda mai gadin tur'a yake hana ruwa zuwa filin da ba a shuka ba: idan wani sashe na huhu ya toshe, sai a karkatar da jini zuwa sashen da iska ke shiga. Matsalar tana tasowa ne idan dukkan huhu ya rasa iska lokaci guda, domin a nan duk ƙofofin za su rufe tare.

A cikin mahaifa kuwa ƙofofin a rufe suke tun asali. Huhun ɗan tayi cike yake da ruwa, oksijin ɗinsa daga mabiyiya yake zuwa ta igiyar cibiya, don haka ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na jinin da zuciyar ɗan rago ke turawa shi ne yake shiga huhu. Sauran yana bin hanyoyin ratse guda biyu: wata 'yar taga mai marfi a bangon da ke tsakanin ɗakunan sama na zuciya, da wani gajeren kwaroro da ke haɗa jijiyar huhu da babbar jijiyar jiki. Abin da ya dace makiyayi ya sani shi ne, yawancin wannan ilimi a kan tumaki aka gano shi, ta hanyar aikin Geoffrey Dawes a Oksfod ta Ingila a shekarun 1950 da na Abraham Rudolph a San Faransisko ta Amurka bayansa. Likitocin yara ne suka ara daga tunkiya, ashe mu masu tunkiyar mun fi kowa cancantar amfani da shi.

Abin yi kafin naƙuda

Tunkiya tana ɗaukar ciki kimanin kwana 147, akuya kusan 150, saniya wata tara da 'yan kwanaki. A ɗan rago mai kwana 100 a ciki, jijiyoyin huhu kusan ba sa jin oksijin ko da an ƙara musu shi, sai a makonnin ƙarshe suke koyon buɗewa. A waɗannan makonni ne kuma huhu yake fara yin wani maiƙo da ke hana buhunan iska mannewa bayan an fitar da numfashi. Saboda haka bakwainin ɗan dabba yana zuwa da nakasu biyu, huhun da ba ya son buɗuwa da jijiyoyin da ba su iya sakewa ba, kuma babu abin da makiyayi zai iya yi a zariba ya cike wannan giɓi. Hana haihuwar bakwaini shi ne aikin farko.

A riƙa rubuta ranar da aka yi barbara, ko aƙalla makonta, don a san lokacin da za a sa ido. A makonni shida na ƙarshe a ƙara wa tunkiya da akuya abinci mai ƙarfi, kamar dussa da ƙuli-ƙulin gyada ko na riɗi da harawa mai kyau, domin a lokacin ne ɗan yake yin mafi yawan girmansa, yake kuma tara kitsen da zai ɗumama shi a daren farko. A guji kora mai nisa cikin rana, da dambe a bakin rijiya. Abin da ya fi damuna shi ne allurar da ake saye a kasuwa ba tare da shawarar likitan dabbobi ba. Maganin nan deksametazon, wanda mutane suke ɗauka maganin kowace kasala ne, yana tayar da naƙuda ga saniya da akuya masu tsohon ciki. Wasu magungunan rage zafi da kumburi kuma suna iya matse gajeren kwaroron nan tun ɗan yana ciki, alhali bai kamata ya rufe ba sai bayan numfashi ya fara. Dabba mai tsohon ciki ba a yi mata allura sai an gaya wa baiɗari, wato likitan dabbobi, watannin cikin.

Mintocin farko

Cikin 'yan mintoci bayan numfashin farko, jinin da ke shiga huhu yana ninkuwa sau takwas zuwa goma. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su jawo haka. Iskar da ta shiga tana buɗa huhu ta miƙar da jijiyoyin da ke lanƙwashe, oksijin yana sa zoben tsoka ya saki, sannan siririn tantanin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin yana fitar da sinadarai masu sassauta tsoka, waɗanda suka fi shahara su ne naitirik oksaid da furostasaikilin. Jinin da ya dawo daga huhu da yawa yana cika ɗakin hagu na zuciya ya tura marfin tagar ya rufe, gajeren kwaroron kuma ya fara tsukewa saboda ya ji oksijin. Dukkan wannan ya dogara ne ga abu guda, wato iska ta shiga huhu da wuri.

Da zarar kai da ƙirji sun fito, a yaye tantanin da ya rufe hanci, a sa yatsu a matso majina daga saman hanci zuwa ƙasa, a share bakin da tsumma mai tsabta. Idan uwar tana kwance kuma igiyar cibiya ba ta tsinke ba, kada a yi gaggawar ja da ɗan har ta tsinke. Binciken da aka yi a kan 'yan raguna a Melbon ta Ostireliya a 2013 ya nuna cewa idan huhu ya fara aiki kafin a datse cibiya, bugun zuciya da tafiyar jini sun fi daidaita, domin jinin huhu ya riga ya karɓi aikin cika zuciya kafin na mabiyiya ya yanke. Bayan haka a kwantar da ɗan a kan ƙirjinsa, ƙafafun gaba a lanƙwashe ko a miƙe gaba, na baya a jawo su gefe da gefe zuwa wajen kunnuwa, yadda huhun dama da na hagu za su buɗe daidai. Wanda aka bari kwance a kan kwiɓi, huhun da ke ƙasa a danne yake, jijiyoyinsa kuma ba za su saki ba. A goge shi da ƙarfi da buhu ko busasshiyar ciyawa, musamman bayan wuya da gefen haƙarƙari, a sa tsinken ciyawa a taɓa cikin hancinsa don ya yi atishawa. Idan har yanzu bai ja numfashi ba, a zuba masa ɗan ruwan sanyi a kai ko a bayan kunne, kofi ɗaya ya isa, sannan a tsane shi nan take.

Akwai al'adar da nake so a bari, wato rataye maraƙi da ƙafafun baya ko lilo da shi don ruwa ya fita. Wata shekara cikin hunturu, a wani ƙauye kusa da Sinnar, na tsaya a kan wata saniya irin Kenana da ta daɗe tana naƙuda. Da aka ciro maraƙin, wani dattijo ya sa samari biyu suka ɗaga shi kai ƙasa a jikin itacen rakuba, wato rumfa, ruwa yana zuba daga bakinsa, kowa yana cewa madalla. Na duba sai na ga haƙarƙarinsa ba sa motsi, harshensa yana ƙara duhu. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri a sauke shi, ruwan nan daga tumbinsa yake fitowa, kayan cikinsa kuma sun danne masa huhu." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, haka muka tarar ana yi." Amma ya bari aka sauke. Muka kwantar da shi a kan ƙirji, muka yi ta gurza shi da buhun dawa, can sai ya yi wani irin tari ya girgiza kunnuwa, dasashinsa ya fara komawa ja. Ruwan da ke cikin huhu jiki ne yake shanye shi ta jini cikin sa'o'i, rataya ba ta fitar da shi.

Maraƙi mai lafiya yakan ɗaga kai ya zauna a kan ƙirjinsa da kansa cikin kamar minti biyar. Wanda ya wuce minti goma sha biyar bai yi haka ba, a ɗauke shi a matsayin mai haɗari ko da yana numfashi, domin alama ce ta cewa ya daɗe ba oksijin kuma jininsa ya yi tsami.

Kwana uku na farko

Nan ne mutane suke sakin jiki, kuma nan ne haɗarin ya fi ɓuya. Tagar zuciya da gajeren kwaroro an tura su ne kawai, ba a sa musu sakata ba, sai bayan kwanaki ko makonni suke mannewa dindindin. Zoben tsokar jijiyoyin huhu ma yana nan da kaurinsa na cikin mahaifa, kuma tantanin da ke fitar da sinadaran sassautawa bai gama ƙwarewa ba. Idan wani abu ya sa jijiyoyin suka sake matsewa, ƙarfin jini a ɓangaren dama zai hau, hanyoyin ratse su sake buɗewa, jini ya riƙa wucewa zuwa jiki ba tare da ya bi ta huhu ba, alhali yanzu babu mabiyiya. Oksijin ya ƙara raguwa, jijiyoyin su ƙara matsewa, abu ya yi ta zagayawa har ɗan ya mutu. A 1966 Rudolph da abokin aikinsa Yuan sun gwada haka a kan sababbin maruƙa, suka ga ƙarancin oksijin yana matse jijiyoyin huhu, amma idan ya haɗu da tsamin jini matsewar tana ninkuwa ƙwarai. Wahalar naƙuda tana kawo tsamin jini, sanyi da yunwa suna ƙara shi. Ga amsar tambayar da muka fara da ita.

Don haka ɗumi da dakashi su ne maganin huhu a waɗannan kwanaki. Ɗan dabba jiƙaƙƙe a daren Disamba ko Janairu, iskar arewa tana ratsa zariba, yana ƙone kitsensa da oksijin ɗinsa don ya ɗumama kansa, kuma kitsen ɗan rago cikin 'yan sa'o'i yake ƙarewa idan bai sha nono ba. A bar uwa ta lashe shi, idan ta ƙi ko tagwaye ne a tsane shi da hannu, a kare ɓangaren da iska ke shigowa da zana, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ma'aunin zafi na dubura ba shi da tsada, kuma ya fi taɓa kunne gaskiya. Zafin ɗan rago mai lafiya digiri 39 zuwa 40 ne. Tsakanin 37 da 39 a tsane shi, a ba shi dakashi, a kai shi wuri mai ɗumi. Idan ya gaza 37 kuma ya wuce sa'a biyar da haihuwa, sukarin jininsa ya ƙare, ɗumama shi ba tare da an ba shi abin ƙarfi ba yana iya jawo masa farfaɗiya. Wanda yake iya ɗaga kai a ba shi dakashi tukuna, wanda ba ya iyawa kuma aikin baiɗari ne ya yi masa allurar gulukos.

Game da yawan dakashi, ɗan rago yana bukatar kimanin mililita 50 ga kowane kilo na nauyinsa a shan farko, da kimanin 200 ga kowane kilo a yini da kwana na farko. Maraƙi yana bukatar kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a sa'o'in farko, wato lita biyu da rabi ga mai kilo 25. Mabiyiyar shanu da tumaki da awaki ba ta barin sinadaran rigakafi su ratsa zuwa ga ɗa, daga dakashi kaɗai yake samun su, hanjinsa kuma ya fi karɓarsu a sa'o'i shida na farko, bayan sa'a 24 ya daina. Na san daɗin liba, wato dakashin da ake dafawa a gidajenmu da na maƙwabtanmu Larabawa, amma tatsar farko haƙƙin maraƙi ce. Abu ɗaya da ba a yi shi ne ɗura wa ɗan da ba ya iya haɗiya. A sa masa yatsa a baki, idan bai tsotsa ba, duk abin da aka ɗura zai iya bin maƙogwaron iska ya sauka a huhu, ya toshe buhunan da aka sha wahala aka buɗe.

A waɗannan kwanaki a riƙa ɗaga leɓensa safe da yamma a duba dasashi. Launin ja mai haske shi ake so, idan ya koma toka-toka ko ya yi shuɗi, jini yana ratse huhu. A kalli numfashinsa yana kwance cikin natsuwa a gwada da na tsaransa: buɗe hanci, lotsawar fata tsakanin haƙarƙari, miƙa wuya, da nishi a ƙarshen kowane numfashi, duk alamu ne na a nemi taimako a ranar.

Makonnin da ke biye

Daga nan jijiyoyin suna sake ginin kansu a hankali. Bangonsu yana raguwa idan an gwada da faɗin raminsu, sababbin ƙananan hanyoyi suna tsirowa tare da sababbin buhunan iska, ƙarfin jini a huhu kuma yana ci gaba da sauka har ya kusanci na babba cikin 'yan makonni. Wannan gini yana bukatar oksijin isasshe kullum. A Kolorado ta Amurka a 1987, Kurt Stenmark da abokan aikinsa sun ajiye sababbin maruƙa na mako biyu a cikin iska irin ta tudu mai tsayin mita 4,300, sai bangon jijiyoyinsu ya yi kauri maimakon ya ragu, ƙarfin jinin huhu ya hau har ya wuce na sauran jiki. Ƙaramin ɗa ya fi babba saurin yin wannan kauri, domin ƙwayoyin bangon jijiyarsa suna kan girma.

Mu a Jazira da Sinnar a ƙasa muke, amma ɗakin da aka toshe ko'ina saboda sanyi, aka hura wutar kashin shanu a ciki, zarnin fitsari yana yaji a ido, yana iya yi wa huhun maraƙi ɓarna mai kama da ta tudu ta hanyar tari da ciwon huhu. Idan mutum ya durƙusa daidai tsayin hancin ɗan rago ya ji idonsa yana hawaye, iskar ɗakin ba ta yi ba. A toshe ƙasa inda iska ke bugun jiki, a bar sama a buɗe, a riƙa sauya shimfiɗa. Idan habub, wato guguwar ƙura, ya taso a shigar da ƙanana rakuba a rufe ɓangaren ƙura, bayan ya wuce a buɗe. A raba su da manya masu tari, kuma a yi wa iyaye rigakafin cututtukan huhu a kan lokaci, tun da ta dakashi kariyar take isa ga 'ya'ya. Gudawa ma ta shafi wannan magana duk da cewa a hanji take, domin tana tsotse ruwan jiki tana sa jini tsami, shi ya sa maraƙi mai zawo yake haki. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun ranar farko, tsakanin shan nono, ba tare da an yanke masa nonon ba.

Dabbobi ba ɗaya suke ba a wannan fanni. Saniya tana da huhu ƙarami idan an gwada da girman jikinta, da jijiyoyi masu kaurin tsoka, saboda haka ta fi tunkiya saurin matsewar jijiyoyin huhu, maraƙi kuma ya fi ɗan rago bukatar a sa masa ido idan tari ya daɗe. Wannan bambanci yana fitowa fili a kan tudu. Tun a 1915 aka bayyana wata cuta a shanun duwatsun Kolorado, inda ɓangaren dama na zuciya yake gajiya da tura jini cikin matsattsun jijiyoyi, ruwa ya taru ya kumbura gaban ƙirji da ƙarƙashin wuya. Wanda zai hau da shanu Jabal Marra, mai tsayin sama da mita 3,000, ko 'yan'uwanmu da ke aikin kiwo a Saudiyya a wuraren Abha, inda tsayin ya haura mita 2,000, kada su kai sababbin maruƙan da aka haifa a ƙasa can a makonninsu na farko. Idan tafiyar ta zama dole, a hau zango-zango ana hutawa kwanaki, kuma duk maraƙin da aka ga gaban ƙirjinsa ya kumbura, jijiyar wuyansa ta cika tana harbawa, yana ja baya a garke, a sauko da shi ƙasa a mota ba tare da an kora shi da ƙafa ba, sannan a kira baiɗari ya duba zuciyarsa.